Gidan Jar Ƙasa Ya Tsaya

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Abuja. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai ranar Abaji, inda muke aikin ginin, ta ƙona ni, na ɗan rame. Kada Inna ta ji.

Gidan da na zana ya tsaya! Ka ce ba ka kai ni jami'a don in mayar da kai ginin ƙasa ba. To, tubalin jar ƙasa ne, tagogi kudu da arewa, sola a rufi, ga araha. Jiya da azahar ogana ya shigo yana gumi, ya tambayi inda muka ɓoye iyakwandishan. Ko fanka babu!

A bar mini filin bayan rumbu. Ginin ƙasar nan dai za ka koma, Baba, kuma sai ka nemi bargo.

Allah ya ƙara lafiya.
'Yarka, Nazeefa