Kek ɗin Rimsha

Litinin, 5 ga Yuni

'Yata Rimsha za ta cika shekara sha ɗaya ran Lahadi, ranar da kotu ta ba ni ita a wannan watan. A waya ta ce kakarta ta wajen uba tana sayo mata kek ɗin cakulan mai farin kirim. Bakina ya riga hankalina: “Ni zan yi miki da hannuna, wanda ya fi nasu.” Ta ce, “To, Ammi,” irin to ɗin da ake ce wa baƙo.

Zuwanta biyu na baya a bakin ƙofa ta zauna, takalmi a ƙafa, tana jiran direban babanta. Tsoro nake ji. Wata rana za ta ce ba ta zuwa, kuma ba wanda zai tilasta ta.

Laraba, 7 ga Yuni

Ba mu da murhun gashi. Shagufta maƙwabciya ta ce in zuba yashi a babbar tukunya, in ɗora kwanon kek ɗin a kai, in rufe. Na gwada. Ƙasa gawayi, tsakiya kunu.

Nani, mahaifiyata, ta leƙa ta ce, “Uzma, wannan bulo ne? Kawo mu toshe ramin ɓera.” Ban yi dariya ba.

Alhamis, 8 ga Yuni

Kek na biyu ya tashi, sai ya zauna. Kuka na yi a kan fulawa kamar yarinya.

Juma'a, 9 ga Yuni

Kirim ɗin kanti ban yarda da shi ba. Ina ta yaɗe malai, wato maiƙon da ke taruwa, daga saman madarar ɓauna ina tarawa a firji. Firjin ma suna ne kawai, wuta ta fi tafiya a kan zama, ga zafin garin namu, Multan.

Ya Allah, wannan abu ɗaya dai.

Lahadi, 11 ga Yuni

Kek ya yi! Baƙi, mai laushi, gidan duk ƙamshi. Saura kirim. Na ɗauko maburgin Nani na hau burga malai da dukkan ƙarfina, yadda aka koya mana tun muna yara. Ya fara kumbura. Na ce bari in ƙara kaɗan ya yi kauri. Sai ya tsinke, ruwa gefe, curi gefe.

Man shanu na yi. Hannun da ya saba kaɗa mai, abin da ya sani ke nan.

A haka Rimsha ta same ni, zaune a ƙasan kicin, kwano a cinya. Na kasa ɗaga kai. Na ce, “Ki yi haƙuri, uwarki ba ta iya komai ba.”

Nani daga tsakar gida: “Ƙarya ne, ta iya man shanu! Zo ki ga wanda bai taɓa fita haka a gidan nan ba.”

Rimsha ta tsuguna, ta sa yatsa ta lasa. “Ammi, dama daga nan yake fitowa? Ni na zata a takarda ake haifarsa.” Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar, na manta.

Ta shafa man a kan kek mai ɗumi, ta barbaɗa sukari, muka ci da hannu. Ta ce na kanti ya fi kyan gani. Ta ƙara yanka na uku.

Direba ya yi ta hon. Ta leƙa ta taga ta ce, “Ka jira mana, ba ka ga muna ci ba?”

Alhamis, 15 ga Yuni

Baban Rimsha ya kira, murya a cushe. Wai ta dame shi, wata mai zuwa tana so ta kwana a nan. Na ce zan yi tunani.

Ba na so in sa rai, na san yadda abin ke ƙarewa. Zanin gadon ƙaramin ɗakin dai na wanke shi ɗazu, dama ya yi ƙura.