Murhun da Ba Shi da Harshen Wuta

Yaya Salote,

Gaisuwa mai yawa daga Brisbane, nan Ostireliya. Ya ƙafar Baba, ya yara, ya mutanen tsibirinmu Vava'u? Ni lafiya lau, jikoki sun saba da ni, ba abin da na rasa.

Ɗana Kepueli da matarsa Bronwyn sun gyara kicin, suka ja ni kanti wai in zaɓi murhu. Ga na gas, ga na lantarki, ga wani baƙin gilashi da ba ya fitar da harshen wuta. Na ɗora hannu a kan na gas. Mai kanti ya ce, "Mama, na gilashin nan ko tsinke ba ya ƙonawa." Na ce, "To, in ba wuta, da me zan tausasa ganyen ayaba in naɗe ganyen gwaza da naman Lahadi?" Bronwyn ta ce, "Ai ya fi sauƙin gogewa." Kepueli ya sunkuyar da kai, suka sayi na gilashinsu. Mutanen da suka fi son goge kicin a kan cin abinci, me za ki gaya musu?

Lahadin farko ganye ya yi ta tsagewa, madarar kwakwar da ke cikin naɗin ta tsiyaye tas. Kada ki damu, na samu dabara. Ki turo min man kwakwa in fastonmu zai taho.

Allah ya sada mu da alheri. Amma kada matan coci su ji cewa ni da na tashi a bakin ramin gasa nama, yanzu da dutsen guga nake tausasa ganye, ƙofa a kulle.

Ƙanwarki,
Melenaite