Wanda Ya Shigo Ta Taga

Litinin, 3 ga Maris

Yau Manaja ya tafa wa Dogo. Tafi na gaske, da hannu biyu, a gaban kowa. Ni da na fi shi daɗewa a ofishin nan, iyakar abin da na taɓa samu shi ne "to, madalla."

Taswirar kujerun bas ya nuna a manhajar sayar da tikiti da muke yi. Kana taɓawa ta buɗe, ba jira. Raina ya ɓaci, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Talata, 4 ga Maris

Na gano yadda ya yi. Sashen kujeru ni na rubuta shi, na kuma kulle cikinsa da gangan. Mai son sanin ko an sayi kujera sai ya tambaya ta ƙofar da na bari, ɗaya bayan ɗaya. Haka ake yi, don kada wani ya taɓa abin da bai fahimta ba a sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. Shi kuwa Dogo bai bi ƙofa ba. Ya zura hannu ciki ya kwashi jerin kujerun gaba ɗaya. Shi ya sa nasa ke gudu. Da kayana aka yi masa tafi!

Alhamis, 6 ga Maris

An ce Dogo ne zai yi bayani gaban masu kamfanin bas ranar Laraba. Wanda ya yi bayanin shi zai riƙe sabon aikin, kowa ya sani. Tun bara nake gugar rigar wannan rana a zuciyata.

Har dariyarsa haushi take ba ni. Da kofinsa ja. Da yadda yake juya kujera.

Juma'a, 7 ga Maris

Cikin sashen nawa ne. Ina da ikon canja sunan jerin duk ranar da na ga dama, ba kuma wanda zai ce na yi laifi. Duk mai bin ƙofa ba abin da zai same shi. Taswirar Dogo ce kawai za ta fito fara fat. Na shirya canjin, ban tura ba. In na tura da safiyar Laraba...

Lahadi, 9 ga Maris

Na ba maman yara labari muna ninke wanki. Na yi ta kawo ƙa'idojin aiki. Ta ce, "Baban yara, ni ban san kwamfuta ba, amma na san fuskarka. Wannan ba fuskar mai gyara ba ce." Na ce mata ba ta gane ba ne. Ta miƙo mini safa ta ce in nemo ɗayar.

Litinin, 10 ga Maris

Dogo ya jawo kujerarsa zuwa teburina, da kofin nan. Na ɗaure fuska, na zaci neman afuwa ya zo.

Ya ce, "Yaya, layin baya fa? Na ga yadda ka sa kujera biyar ta zauna a tsarin da aka yi wa huɗu, ba tare da ka ƙara komai ba. Na daɗe ina kallo kafin na gane. Ta ina dabarar ta zo maka?"

Wannan dabarar ta ci mini kwanaki, ita ce abin da na fi alfahari da shi a duk aikina. Na gama ta, na kulle a kanta, ba wanda ya taɓa gani. Manaja bai san da ita ba. Masu bin ƙofa da ladabi amsa kawai suke karɓa su wuce. Sai ɓarawon taga ne ya tsaya ya duba ɗakin.

Na yi masa bayani a taƙaice. To, ba a taƙaice sosai ba. Shayina ya huce.

Amma na faɗa masa shiga ta taga ba daidai ba ne. Ya ce ya sani, yana ta tsoron ranar da zan canja wani abu a ciki. Na kalli allona, canjin yana nan a buɗe a bayan wani shafi.

Laraba, 12 ga Maris

Na tura canji da safe, amma ba wancan ba. Ƙofa na buɗe, wadda ke ba da jerin kujerun duka a karanta, ba a taɓa. Don lafiyar manhajar na yi, ba don kowa ba. Dogo ya koma bin ta kafin baƙin su iso.

Bayanin ya yi kyau. An ba shi aikin. Na yi tafi, da hannu biyu ma.

Dariyarsa tana nan da ban haushi. Gobe dai zan nuna masa sashen mayar da tikiti. Akwai wani abu a can ciki, ina so in ga ko zai gano shi da kansa.