Gadar da Zaharadeen Ya Kasa Tsallakewa

Zuwa ga Yayana Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da begen ganinka, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zahra'u da yara. Yaya karatu, yaya baƙunta, yaya haƙuri da rashin tuwon gida? Allah Ya ba ka abin da ka je nema can Malesiya, Ya maido mana da ku lafiya. Mu nan Talata Mafara muna nan yadda ka sani, sai godiyar Allah. Inna tana fama da gwiwarta, amma ba ta fasa zuwa gidan suna da gidan rasuwa ba. An yi ruwa sosai a bana, gero ya yi kyau a Garbadu da Morai, sai dai gonarmu ta Faru ko iri ba a zuba ba, don babu mai ƙarfin halin bin hanyar. Na zaɓi in rubuta maka ne maimakon waya, saboda maganar ba ta tsakar gida ba ce, kuma ka san muryata, in na ɗaga waya har maƙwabta sai sun ji.

Maganar ƙanenmu Zaharadeen ce, da kwamfutar da ka aiko masa ta hannun abokinka Labaran. Ka ce ya koyi aikin buga takardu tunda ƙafarsa ba za ta sake noma ba, kuma Allah Ya saka maka da niyyarka. Amma ka manta ka goge wani wasan harbe-harbe da ke cikinta. Ashe kai da muke ta yi wa addu'ar karatu, da wannan kake hutawa. Ranar da ya fara buɗe shi, da hantsi ne, Inna tana tsince shinkafa, sai ta ji ruwan harsasai daga ɗakinsa. Ta watsar da tiren, ta suri jikokinta biyu, ta fita ba takalmi ba mayafi, kafin ka ce kwabo rabin layinmu ya watse. Wata tsohuwa har ta karye a hannu wajen tsallake kwata. Babu wanda ya yi dariya da aka gane abin da ya faru, don a garin nan ƙarar bindiga ta daina zama abin wasa. Tun ranar yake sa abin kunne, mu kuma muka daina jin komai daga ɗakin, har muryarsa.

Ka san abin da ya faru wata biyar da suka wuce, amma a waya aka gutsura maka. Shi da Falalu, ɗan Kawu Maiwada, sun je Faru duba rumbu. Suna dawowa a babur da rana tsaka, Zaharadeen yana tuƙi, Falalu a baya, 'yan bindiga suka buɗe musu wuta daga cikin wani kwazazzabo kafin Maradun. Zaharadeen ya iso gari da harsashi a cinya, shi kaɗai. Bayan kwana uku 'yan sa-kai suka raka mutanenmu wurin, ba su tarar da komai ba sai takalmin Falalu ƙafa ɗaya da hularsa. Ka san al'adar mutanen dajin, in sun kama mutum da rai ba sa wuce mako ba su bugo waya ba. Yau wata biyar babu wanda ya kira. Kowa ya haƙura a ransa cewa Falalu ya riga mu gidan gaskiya, amma ba a ga gawa ba, ba a yi masa sallah ba, ba a zauna zaman makoki ba.

Wadda abin ya fi ci ita ce matarsa Hamdiyya. Tana Bakura a gidan Kawu da 'yarta Mufida, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Malamin da suka tambaya ya ce in akwai wanda ya ga mutuwar da idonsa ya zo ya ba da shaida, sai ta shiga takaba ta yi wata huɗu da kwana goma ta fita, ta san matsayinta. In kuwa babu, to maganar sai gaban alƙali, kuma jiran mijin da ya ɓata yana kai shekara huɗu. Yarinyar nan shekararta ashirin da uku. Uwarta har ta ɗinko mata kayan takaba daga Morai, suna ninke a akwati. Na gan su da idona, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ban iya cin abinci ba ranar. Shaida ɗaya ake da shi a duniya, shi ne ƙanenka, shi kuwa tun da ya fito asibiti bai ce uffan ba game da ranar. Kawu da kansa ya tako har gida sau biyu, tsoho da furfurarsa, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin yana lallashinsa ya faɗi kalma ɗaya kawai, ya ce ya ga Falalu ya cika. Zaharadeen ya gaishe shi da ladabi, ya sunkuyar da kai, har Kawu ya gaji ya tashi. Ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba ya koma kan kwamfutar.

Ka san halina, ba na iya ganin abu in yi shiru. Na shiga na zazzaga masa abin da ke cikina. Na ce gida guda yana rataye a bakinsa shi kuma yana zaune yana harbin 'yan tsana, na ce ko ɗan yaye ya fi shi kunya, na ce da shi aka bari a dajin da Falalu ba zai yi masa haka ba. Na zare wayar cajin daga jikin sola na kulle a ɗakina. Yaya, kwana biyu yaron nan bai ci ba, bai fito ba, yana kwance fuskarsa a bango. Inna ta zo ta tsaya a kaina ta ce in mayar masa, ita ta haife shi, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Na mayar, ina ƙunƙuni. Amma na ce a raina sai na ga abin da ke cikin wasan nan da ya fi uwa da kawu.

Shekaranjiya bayan la'asar na ɗauki kujera na zauna a bayansa. Bai kore ni ba, har ya cire abin kunnen ya rage ƙara. Kai ka san wasan, amma bari in faɗa maka yadda idon 'yar Mafara ya gan shi. Wani birni ne wai na nan gaba, ba rana, kullum ruwa ake yi amma ba gona ko ɗaya, benaye sun toshe sama, fitilun talla ja da shuɗi ko'ina. Ban ga itace ba, ban ga akuya ba, ban ji kiran sallah ba. Mutanen garin wani hannunsa na ƙarfe, wata idonta na gilashi, in an ji maka rauni sai ka shiga wani lungu wajen likitan bayan fage ya sauya maka gaɓa kamar yadda bakanike yake sauya wa babur taya. Kai kake zaɓar fuskarka da sunanka, in wani ya yi maka magana amsoshi su fito a rubuce ka ɗauki ɗaya. Hukuma ba ta da ta cewa, kamfanoni da masu bindiga ke riƙe da unguwanni, kowace hanya da mai tare ta. Na ce ikon Allah, duk wayon nan da ƙarafan nan, ashe su ma can gaban hanya ba ta biyuwa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Na kuma lura mutumin da Zaharadeen ya ƙera wa kansa ƙafarsa ta hagu ta ƙarfe ce, kuma yana gudu da ita kamar barewa.

Ni na ɗauka yawo yake yi cikin birnin. Ashe wuri ɗaya yake, wata doguwar gada. Shi da wani abokin tafiyarsa suna kan wani irin babur suna gudu, ana binsu da harbi. A tsakiyar gadar sai harsashi ya sami na bayan, ya faɗo, yana jan jiki yana ɗaga hannu. Nan wasan yake tsayawa, layi biyu su fito da Turanci, ɗaya ya ce ka wuce, ɗaya ya ce ka koma. Zaharadeen ya danna ka koma. Ya juya babur, ya yi ta harbi, ya kusa kaiwa ga abokin, aka kashe shi. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, sai ga su kuma a farkon gadar su biyu, lafiya lau. Ya sake. Wannan karon ya sauya bindiga. Aka kashe shi. Ya sake, ya sauka daga babur ya bi ta gefe yana rarrafe. Daga la'asar zuwa kusan magariba sau goma sha ɗaya na gani, ko sau ɗaya hannunsa bai je kan ɗaya layin ba. Na tambaye shi tun yaushe yake a gadar nan, ya ce tun satin farko. Wata uku ke nan, Yaya.

Duk faɗan da na taho da shi ya tsere. Na ce masa a hankali ai wasa ne, ya wuce mana ya ga abin da ke gaba. Bai juyo ba, idonsa na kan gadar, ya ce: "Yaya Taibatu, sa'adda Falalu yah hwaɗo shina da rai. Na ji ya kirai sunana har so biyu, ban juya ba. Ku duka so kukai in ce na ga ya mutu. Ni ban gani ba."

Na sauko daga kujerar na zauna a ƙasa kusa da shi. Mun yi wata biyar muna zaginsa a kan shiru, ashe ƙarya muke roƙonsa ya rantse a kai, shi kuwa ya kasa yin ƙaryar, ya kuma kasa kallon idon Kawu da gaskiyar. Na ce masa da ya juya da gawa biyu za a nema, da harsashi a cinyarsa me zai iya, kuma babu mai wuce ajalinsa. Ya ce duk ya san wannan, malamai sun faɗa, zuciyarsa ce ba ta ji. Ni kuma abin da na faɗa masa ranar da na ƙwace wayar caji sai ya dawo mini. Na roƙe shi gafara, ya ce babu komai, amma ni ban yafe wa kaina ba tukuna.

To ga saƙonsa, shi ne dalilin takardar nan, kuma shi ne abu na farko da ya roƙi wani tun da ya dawo. Ya ce tunda kai ka buga wasan har ƙarshe, in tambaye ka, in mutum ya koma a kan gadar nan, akwai yadda za a yi su fita su biyu da rai, ko kuwa masu wasan sun riga sun rubuta cewa ɗaya ne zai tsallake? Ba zan ɓoye maka ba, na fara rubuta maka cewa ka ce masa babu hanya ko da akwai, na yage takardar. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma yaron da ya zaɓi ya ruɓe a ɗaki a kan ya yi shaidar zur bai cancanci mu yi masa ƙarya ba. Ka faɗa masa yadda abin yake. In akwai hanya, ka kira shi da kanka ka zauna da shi a kan maganar, kada ka turo a rubuce.

Mun yi da shi cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan raka shi Bakura, ya faɗa wa Kawu da Hamdiyya abin da ya faɗa mini. Inna ba ta sani ba tukuna. Na san abin da maganar za ta jawo. Kawu zai koma sauraren waya, kayan takabar nan za su ci gaba da zama a akwati, Hamdiyya kuma ta fara ƙirgen shekaru. Ka taya mu da addu'a, ka sa abokanka na can su sa Falalu a ciki, ko yana raye ko yana ƙasa, mu ba mu san wace addu'ar za mu yi masa ba.

Ka gaishe mini da Zahra'u, ka ce mata turaren ya iso. Ka shafa mini kan Imrana da 'yar auta Murja. Inna tana sa muku albarka, Labaran yana gaishe ka. Hamdiyya ma ta bugo ɗazu ina tsakiyar rubutun nan, ta ce in miƙa maka gaisuwarta. Ta ji an ce za mu zo Juma'a, muryarta har da ɗan sauƙi, ta tambaye ni ko ta fito da kayan ta wanke su kafin mu iso. Na ce mata ta dakata tukuna.

Wassalam. Ƙanwarka mai kewarka,
Taibatu