Tikitin Baba Donal

Dublin, ƙasar Ayalan
Oktoba, 2021

Zuwa ga Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Ƙanƙara. Tun da aka rufe layukan waya a wajenku ban ji muryar kowa ba, shi ya sa na tura wa ƙanwarmu Sumayya wannan a Katsina, ta buga a takarda ta ba direba.

Alfarma nake nema, kai kaɗai za ka iya shige mini gaba. A gidan kula da tsofaffi da nake aiki akwai wani dattijo, Baba Donal, ni ke yi masa wanka da ba shi magani. Ƙafafunsa sun mutu, a keken guragu yake. Tun yana saurayi yake bin wasan ƙwallon ƙasarsu. 'Yarsa ta saya masa tikiti biyu na wasan da za su yi da Fotugal a wata mai kamawa, likita kuma ya ce ba zai fita ba sai da ma'aikacin jinya. Tsohon ya ce ni yake so, in ba ni ba ya haƙura. Yadda nake ganin jikinsa, Yaya, da wuya ya ga wani wasan bayan wannan.

Ka san alƙawarin da Inna ta karɓa daga bakinmu ranar da aka dawo da kai daga wasan Faskari da ido ɗaya: ba ɗanta da zai ƙara taka filin ƙwallo. Ban taɓa saɓawa ba, kuma ba na so in je a ɓoye. Don Allah ka roƙar mini ita.

Ƙaninka,
Abdulgafar

*

Ƙanƙara

Zuwa ga Inna, a Sabuwa,

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ki, ina gaida ƙanwata Hamida da maigidanta. Da na zo da kaina, amma kin san halin da hanya ke ciki, ga ɗinkin mutane ya taru a shago.

Ga takardar Abdulgafar nan, Hamida ta karanta miki. Ni dai abin da zan ce kaɗan ne. Idon nawa ne, kuma na daɗe da yafewa. Ba ƙwallo ce ta jefe ni ba, wani ne a cikin 'yan kallo ya ɗauki dutse don mun ci su a gidansu. Shekara goma sha ke nan ina zura zare a allura da ɗaya idon, ba a taɓa dawo mini da riga ba.

Yaron nan ba kallo zai je ba, aiki zai je. Ko nan, samarin unguwa kullum sai sun zo shago suna roƙo in riƙa koya musu wasa, ina ce musu Inna ta hana, magana ta ƙare. Ba don kaina na faɗa ba. Amma nashi daban ne, akwai tsoho a ciki.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Barau

*

Sabuwa

Abdulgafar,

Ina amsa gaisuwarka. Hamida ke rubutawa, ni ke faɗa. Muna lafiya, an fara yankan dawa, Alhamdu lillahi.

Na ji saƙonka, na kwana biyu ina juya shi. Da damina na ji a rediyo cewa Turawa sun fasa ƙofar filin ƙwallo a Landan, suna ta tattake juna. Hamida ta ce wai waccan ƙasa daban, taku daban. Ni ban san wannan ba, Bature ai Bature ne. Kai ba ka ga yayanka ranar nan ba sai da aka wanke mashi fuska. Ni na wanke.

Amma tsoho ya ce kai ko ba kowa, kuma ba ka je a ɓoye ba, ka tambaye ni. Wanga abu ya yi mani daɗi. Ka kai shi. Sai dai ka fara tambayar shi, tsakaninshi da Allah, mutanen ƙasarsu suna faɗa a wajen ƙwallo ko ba su yi? In ka ga an fara ɗaga murya, ka juya keken ku fito, ko tsohon yana kuka. In kun dawo ka rubuto mani abin da idonka ya gani, kada ka rage don ka kwantar mani da hankali. Na san ka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Khadijatu

*

Dublin
Nuwamba, 2021

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, na kuma gode. Takardarki ta iso ana gobe wasa, na riga na fara tunanin yadda zan ba tsohon haƙuri.

Na yi masa tambayarki. Ya yi dariya har da tari, ya ce na Landan maƙwabtansu ne, kada ki haɗa su. Amma bai ɓoye ba, ya ce a wasannin ƙungiyoyin cikin gari akan samu samari su ba hammata iska, shi ma an taɓa fasa masa leɓe yana matashi. In ƙasa ce ke wasa kuwa, ya ce sun sha kaye har sun gane waƙa ta fi faɗa sauƙi.

Ga abin da na gani. Filin ya cika maƙil, kowa da koren kaya. Akwai masu shan giya da yawa, ba zan rage miki ba. An tashi ba wanda ya ci, amma suna ta waƙa kamar an yi musu haihuwa. Mutanen Fotugal na kusa da mu, ban ga wanda ya taɓa su ba.

Sau ɗaya gabana ya faɗi. Wajen fita tayar keken ta maƙale a bakin kwalbati, mutane suka taru a bayanmu. Wani da ya sha ya bangaje ni, ya zage ni, har da cewa in koma ƙasarmu. Na tuna maganarki, amma ba wajen juyawa. Kafin in buɗe baki wata mata mai furfura ta kama shi da faɗa, abokansa suka janye shi suna ba ni haƙuri. Wasu ƙarti suka ɗaga keken da tsohon a kai, suka sauke shi a kan titi. Wannan shi ne duk faɗan da na gani.

A mota Baba Donal ya riƙe hannuna, ya ce, "Ka gaya wa mahaifiyarka na gode da aron ɗanta." Ya tambayi dalilin alƙawarin, na ba shi labarin Yaya. Sai ya tambaya ko Yaya ya iya wasa. Na ce a Ƙanƙara har yau ba a yi mai tsaron baya kamarsa ba.

Tun ranar yana cin abinci sosai. A gaida Hamida.

Ɗanki,
Abdulgafar

*

Sabuwa

Yayan su Hamida,

Ina gaishe ka da iyali. Na ji takardar ƙaninka, na sa an maimaita mani. Ashe ko'ina akwai mai jifa, akwai kuma mai ɗaga keke.

Ka ce ba don kanka ka faɗa ba. Ni na haife ka. Ka je ka koya wa samarin nan, ka fara koya masu riƙe hannunsu kafin ƙafa. Na sake ku duka daga alƙawarin nan.

In hanya ta yi kyau, ranar da za su yi wasan farko ka aiko a ɗauke ni. Kowa na cewa ka iya, ni kuwa ban taɓa ganinka da ƙwallo ba, ko lokacin da kake da ido biyu.

Allah ya yi maka albarka.

Khadijatu