Kwalbar jiƙon da ka aiko wa Kausar

Zuwa ga Yayana Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Mujahida da yara duka a Kano. Mu nan Makka alhazai sun watse, Mina ta koma shiru. Umma tana fama da gwiwarta kamar kullum, maigidana Majid ya koma tuƙi. 'Yata Kausar kuwa tana kwance a asibiti, kuma saboda ita na zauna rubutu, domin in a waya ne za ka katse ni ka tuna mini cewa ni ƙanwa ce.

Ka san duk shekara ina aikin girki a tantunan alhazai, shi ya sa na bar yarinyar wurin Umma da ƙwayoyin maganinta na asibiti. Ashe wani alhajin unguwarku ya kawo kwalbar jiƙo daga hannunka. Kai kuma ka kira Umma ka ce ka duba sunan maganin asibitin a wayarka, ka ga yana rage garkuwar jiki, wai wane irin likita ne zai raunana garkuwar mara lafiya. Ka ce a ajiye shi, a ba ta jiƙo mai ƙara garkuwa. Yaushe Umma ta taɓa musa wa babban ɗanta? Ina can Arfa ina juya tukunyar shinkafa, kana nan kana likitanci daga Kano. Na dawo na tarar da yarinya jiki kamar garwashi, gefen kunnuwanta ya tsage, yatsun ƙafarta sun yi baƙi, ko taka ƙasa ba ta iya yi.

Tun bara na yi maka bayanin ciwon nan, ka ce surutun likitoci ne. To ga shi a rubuce, yadda Dakta Abir mai duba ta ta faɗa mini. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai DNA, wato sinadarin gadon halitta, tana ajiye a can tsakiya. Kullum tana ɗan tsinkewa, jiki ya gyara, wani mai shara ya share ɓarɓashin. Akwai kuma mai gadi a cikin ƙwayar, wanda in ya ga DNA a wajen ma'ajinta sai ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shigo, ya yi kururuwa, garkuwar jiki ta taso. A jikin Kausar mai sharar ne ba ya aiki. Ɓarɓashin nata na kanta yana taruwa, mai gadi yana ta ihu ba dare ba rana, garkuwarta tana dukan fatarta da jijiyoyin jininta. Garkuwar ba rauni ta yi ba, Yaya, yawa ta yi! Ƙwayar maganin da ka sa aka ajiye ita ce ke lallashinta ta kwanta. Da aka yanke ta farat ɗaya, sai ciwon ya taso da ƙarfin da bai taɓa yi ba.

Wallahi raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Lambata tana wayarka. Me ya hana ka tambaye ni, ni da na yi shekaru ina zaryar asibiti da ita, ni da ko na'urar sanyi ba na kunnawa a ɗakinta cikin zafin Makka saboda sanyi yana tayar da ciwon yatsunta? Likita ta ce zazzaɓin ya sauka, amma ƙaramin yatsan ƙafar hagu ba lalle a cece shi ba. Umma ta daina cin abinci, tana cewa ita ta cuci jikarta. Na san da zuciya ɗaya ka yi, amma zuciya ɗaya ba za ta mayar da yatsa ba, kuma ban huce ba tukuna.

Sauran maganar ta fi wannan nauyi. Yaya Mujahida ta gaya mini cewa duk lokacin sanyi yatsun autanku Muhsin suna kumbura su fashe, kuma irin jiƙon nan kake ba shi. Na faɗa wa Dakta Abir, ta ce ciwon gado ne, yana bin dangi, a kai shi babban asibiti a gwada jininsa. Ta rubuta sunan gwajin, na haɗa da takardar nan. Yi fushi da ni yadda ka so, amma ka kai yaron nan. Kwalbar da ka aiko na tuttular da ita, wadda ke gidanka ce take hana ni barci.

Ka gaishe da Yaya Mujahida, da Dawuda, da Ruƙayyatu, ka shafa mini kan Muhsin. Umma da Majid suna gaisuwa. Kausar ma ta ce a gaishe da Kawu Garba, a yi masa godiyar maganin da ya aiko mata. Ban gaya mata komai ba.

Ƙanwarka,
Hajara