Na Tsallake Komar Jucilene

Litinin, 3 ga Satumba

Ni lafiya lau, in ban da ciwon bayan nan. Dona Zulmira, surukata, tari ya sake ta, har ta koma zuƙar lofenta. Kaji lafiya, shaho ya ɗauki ɗaya. Maigidana Valdemir ne ba lafiya. Ƙafar da kunamar ruwa ta harba ta kumbura kamar gora, yana kwance a ragar da muke ratayawa don kwanciya yana faɗa da kowa. Malamar asibiti ta ce ba shi ba shiga ruwa sai bayan Kirsimeti.

'Yarmu Jucilene kuwa lafiya ta yi mata yawa. Wai ita za ta tafi kamun piaba, ƙananan kifin nan na ado, a madadin ubanta, tunda kogi ya fara janyewa. Ita kaɗai, yarinya 'yar shekara sha tara.

Na ce a'a. Ubanta ya ce, "Ednalva, wa ya fi ta ido a gidan nan?" Na ce ban haifi 'ya don ta nemo wa mutanen ƙasar sanyi abin kallo ba. Kifin da bai kai ɗan yatsa ba, ba a ci, ba a miya, sai a zuba a gilashi a zauna ana kallo. Baƙin ruwan nan shi ya cinye yayana Osmar, ko hularsa ba mu gani ba. Ni so nake ta tafi garin Barcelos ta yi aikin kanti, ƙafarta a kan busasshiyar ƙasa.

Talata, 4 ga Satumba

Na yi wani abu. Malama Irene ta ajin manya, wadda ta koya mini riƙe biro, ta ce mu riƙa rubuta abin da ya dame mu. To ga shi.

Da safe Jucilene ta shimfiɗa komarta a kan yashi ta koma ɗauko garin rogo. Na duba, ba kowa. Na tattare siket na tsallake komar. Kowa ya san in mace ta tsallake kayan kamu, panema ta kama su ke nan, rashin sa'a ya manne, ko ƙwaro ba za su ƙara kamawa ba. Na ce a raina ta dawo hannu biyu, ta ji kunya, ta haƙura.

Ta tafi. Ta ce ranar Alhamis tana gida.

Alhamis, 6 ga Satumba

Ba ta zo ba.

Juma'a, 7 ga Satumba

Na wanke tukwane a bakin ruwa har wanda ba shi da datti. Duk kwalekwalen da ya ɓullo sai in miƙe in duba.

Abin da ban lissafa ba: panema ba ta da ido. Wa ya ce mini a kan koma kaɗai za ta tsaya? In ta bi filafili fa, in ta bi kwalekwalen?

Dona Zulmira ta same ni a can. Ta daɗe tana zuƙar lofe kafin ta ce, "'Yar nan, ashe bayan naki yana barinki tsalle." Na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Ba zan faɗa wa ɗana ba, ƙafa ɗaya gare shi amma bakinsa lafiya." Sai ta zauna ta taya ni kallon kogi.

Asabar, 8 ga Satumba

Ta dawo. Ta dawo, Allah na gode, Budurwa Maryamu na gode.

Wajen hantsi na ji muryarta tun kafin ta zagayo kwana, tana kiran karenmu. Kwalekwalen ya nutsa har baki, robobi cike da ruwa, ta rufe su da ganyen ayaba. Sauro ya yi mata kaca-kaca, leɓenta ya tsage, dariya take yi. Na shiga ruwa har gwiwa da takalmina, ni da ba na shiga. Na buge ta a kafaɗa sannan na rungume ta.

Na dafa kifi da romo mai yawa. Ta ci kamar ma'aikacin gona.

Lahadi, 9 ga Satumba

Na yi barci har Dona Zulmira ta zo ta taɓa ni ta ga ko ina numfashi. Ban je coci ba. Allah ya san inda nake jiya.

Da rana ta ba mu labari. Wurin ubanta na kullum, ƙarƙashin itatuwan da ruwa ya shanye, ba ta sami komai ba. Ta kaɗa ruwa da yatsu yadda ya koya mata, don kifin su zaci abinci ne ya faɗo, ta zuba gari, shiru. Washegari ma haka. Ita kuma ta rantse ba za ta dawo a yi mata dariya ba. Sai ta ja kwalekwale ta kan wani itace da ya faɗi, ta shiga wani ƙaramin rafi da ba wanda yake bi. A can ta same su, irin da ake kira kardinal, masu jan ciki da shuɗin layi, wai har ƙasan ruwan ba a gani.

Valdemir ya tashi zaune a raga, ya manta da ƙafa. "Bayan itacen? Ni shekara nawa ina wuce wurin!"

Ta ce, "Ai kai ba a taɓa tsallake maka koma ba, Baba."

Cokali ya faɗi daga hannuna. Ashe tana bayan ayaba ranar, tana kallona. Ta ce, "Mama, in zan koma ki ƙara yi, amma ki ɗaga ƙafa sosai, kin kusa faɗuwa."

Valdemir ya dube ni ya buɗe baki, uwarsa ta ce, "Rufe shi, ƙuda." Suka yi ta dariya har tari ya dawo wa tsohuwa. Ni ban yi ba. Da ban tsallake ba, da ta kama kifinta a kusa ta dawo ranar Alhamis. Ni na tura ta inda ko ihu ta yi ba mai ji.

Amma ga ta nan tana suɗe kwano.

Laraba, 12 ga Satumba

Kifin suna cikin keji na raga a inuwar bakin rafi, ana jiran mai jirgin ruwan da ke zuwa sayensu. Jucilene ta yi zazzaɓi kaɗan, sai ni na riƙa zuwa ba su abinci. Ba su da wuya. Ana murza gari tsakanin yatsu, ba da yawa ba, in ya yi yawa ruwan ya ɓaci.

Na gwada kaɗa ruwan. Sun zo. Duk suka juyo lokaci guda kamar an kira sunansu. Na daɗe a tsugune, har wake ya ƙone.

Asabar, 15 ga Satumba

Mai jirgi ya zo ya kwashe. Ya ɗaga roba yana dubawa a rana, ya ce da Valdemir, "Gurgu, ina ka samo waɗannan?" Valdemir ya nuna ta da sanda. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar aurenmu.

Ita kuma ba ta faɗa wa mutumin wurin ba. Ta ce, "Can dai, cikin ruwa."

Talata, 18 ga Satumba

Na yi mata maganar kanti. Ba ta yi gardama ba, shi ya fi damuna. Tana ɗinkin koma ta ce, "Mama, in kin ce in tafi Barcelos zan tafi. Amma a can ba ni da amfani." Ta ci gaba da ɗinki. Allurar tana hannunta kamar yadda biro ya ƙi zama a nawa.

Dona Zulmira ta ce ƙanwar Valdemir, Orminda, ta kafa zango can saman kogi tare da mata uku, suna kamu tare har ruwa ya dawo. Ba ni na tambaya ba, ita ta faɗa.

Alhamis, 20 ga Satumba

Kumburin Valdemir ya sauka, yau ya taka har bakin ƙofa. Wake ya kusa ƙarewa. Na sayi sabon gidan sauro wurin mai talla, don yana da araha ne kawai.

Jirgin ruwan da ke haurawa saman kogi zai wuce gobe. Na rubuta wa Orminda 'yar takarda, ita ce ta farko da na taɓa rubuta wa wani da hannuna. Ba wai na yarda ba ne. In dai za ta tafi, gara inda akwai mai jin ihunta. Na kwafe ta a nan don in san abin da na ce:

Orminda, ina gaishe ki. Jucilene tana da ido, ubanta ya faɗa, ni ma na gani. Ba ta cin barkono, kuma in zazzaɓi ya kama ta ɓoyewa take yi, sai kin taɓa goshinta. In akwai wurin rataya raga ɗaya a zangonku, ki aiko mini da amsa kafin ranar bikin Waliyyi Faransis, huɗu ga wata mai kamawa. Kar ki wuce ranar, don na san halina, zan iya sake tunani. Ednalva.